Fitilar 'Cek' Ta Sake Kamawa: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya saba shiga motocin haya da na gida a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Abuja, idan yana kai ido gaban direba, da wuya ya kwana biyu bai ga wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana ci ba, wadda aka zana da siffar injin mota. Direbobi da kanikawa suna ce mata "cek". Ta zama ruwan dare, har wasu sun ɗauka ado ce da motar ta taho da shi daga Kwatano. Idan ka tambayi mai motar, amsar ba ta wuce, "Ai haka take, ba ta hana ta tafiya."

Hanya uku muke bi da wannan fitila. Wani ya liƙe ta da baƙin salatif, ko ya sa mai wayarin ya zare ƙwanta. Wani ya cire kan batir na 'yan mintoci, ko ya biya a goge ta da kwamfuta. Na ukun, wanda yake ganin ya fi kowa bin ƙa'ida, shi ne mai zuwa gareji a jona na'urar gwaji, a ce masa, "Alhaji, oksijin sensa ce." Sai ya aika Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo a sayo wata, a ɗaura, fitila ta mutu, ya koma gida da murna. Bayan kwana huɗu ko mako guda, yana tsakiyar hanya, sai ga ta ta dawo. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Wannan na ukun nake son mu tattauna a kansa yau, domin shi ne ya kashe kuɗi da kyakkyawar niyya kuma bai samu biyan buƙata ba. Abin da nake gani shi ne, a mafi yawan lokutan da fitilar ke komowa bayan an canza sensa, sensar shaida ce kawai. Ta ga laifi ta faɗa, mu kuma muka kama ta muka bar mai laifin yana zaune a cikin injin.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san aikin wannan 'yar na'ura. Injin fetur yana ƙona mai ne tare da iska, kuma akwai ma'aunin da ƙonewar ke cika a kansa: kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Idan mai ya rinjayi iska, ragowarsa zai fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi da guba. Idan iska ta rinjayi mai, injin zai ɗau zafi fiye da kima, ya riƙa sarƙewa, ƙarfinsa ya ragu. A zamanin kafireta bakanike ne ke daidaita wannan da sukundireba da kunnensa. A motocin yanzu kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke yi, kuma ba ta da ido a cikin salansa sai sensar oksijin.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, kuma Volvo ya fara sanya ta a mota a 1976, domin cika dokokin hayaƙi na jihar Kalifoniya ta Amurka. Ana ɗaure ta a jikin bututun salansa, bakinta yana cikin hayaƙi. Tana gwada yawan oksijin da ya rage a hayaƙin da na iskar waje, wadda kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, sannan ta aika wa kwamfuta sakamakon ta hanyar ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki. Wajen bolt 0.1 yana nufin iska ta yi yawa, wajen bolt 0.9 kuma mai ya yi yawa. Kwamfuta sai ta ƙara ko ta rage man da nozil ke fesawa, sensa ta sake aunawa, haka za su yi ta yi muddin injin na aiki. Sensar ba ta fara magana sai ta ɗau zafin da ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa aka sa mata 'yar hita a ciki mai saurin ɗumama ta.

Galibin motoci masu silinda huɗu suna da sensa biyu. Ta farko tana gaban matatar hayaƙi, wadda ake kira katalis, a gareji kuma ake ce mata "indomi", ita ce ke taimakon kwamfuta wajen auna mai. Ta biyu tana bayan matatar, aikinta ta sa ido ta ga ko matatar na tace hayaƙin. Mota mai silinda shida da aka jera gefe biyu kan zo da huɗu. Tun daga nan za a ga cewa "oksijin sensa ce" ba ta isa bayani ba. Wacce daga ciki? Me kuma ta ce?

Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin gwaji na bai-ɗaya da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Shi ne soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura. Da yake yawancin motocin da muke hawa tsofaffin Amurka da Turai ne, kusan kowace tana da shi. A wannan tsari kowane laifi yana da lambarsa, kuma lambobin da ake jinginawa sensar oksijin sun kasu gida uku.

Gida na farko shi ne na sensar kanta da wayoyinta. P0135 na nuna matsala a layin hitar sensa ta gaba, P0141 a na ta baya, P0133 kuma na cewa ta gaba ta yi nauyin amsawa. Ko a nan, lambar layin ta ambata gaba ɗayansa, don haka fis da ya ƙone, ko wayar da ta taɓa salansa ta narke, ko soket da ruwa ya shiga ya yi tsatsa, duk suna iya haifar da ita alhali sensar lafiyarta lau. Gida na biyu shi ne na haɗin mai da iska: P0171 iska ta yi yawa, P0172 mai ya yi yawa. A nan sensar rahoto ta kawo, kuma sau da yawa gaskiya ta faɗa. Gida na uku shi ne P0420, wato matatar hayaƙi ta gaza. Sensa ta baya ce ta kai ƙarar, amma wadda ake ƙara ita ce matatar. Wanda ya canza sensa saboda P0171 ko P0420 ba tare da bincike ba, tamkar mai zazzaɓi ne da ya fasa ma'aunin zafin jiki ya sayo sabo, yana sa ran ya warke.

To me ya sa fitilar ke mutuwa na 'yan kwanaki har mutum ya zaci gyara ya yi? Saboda bayan an ɗaura sabuwar sensa ana goge lambar, kuma kwamfutar ba ta gaggawar yanke hukunci. A yawancin laifuffuka sai ta ga abu a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. Wasu gwaje-gwajen ma, irin na matatar hayaƙi, ba ta yin su sai injin ya ɗau zafi sosai kuma mota ta yi 'yan mintoci tana gudu madaidaici. Mai zirga-zirga daga gida zuwa kasuwa cikin cunkoso zai iya yin mako bai cika wannan sharaɗi ba. Ranar da ya hau titin Zariya ko na Haɗeja ya miƙe, ranar kwamfuta za ta kammala gwajinta, ta tarar da laifin yana nan inda ta bar shi. Da gyaran ya yi, ko ba a goge ba fitilar kan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da laifin ya sake bayyana ba. Cire kan batir kuwa yakan share har bayanan da kwamfuta ta adana na halin da injin yake ciki a daidai lokacin da laifin ya faru: zafinsa, gudunsa da nauyin da yake ɗauke da shi. An kori shaida ke nan, an kuma yaga takardar bayaninta.

Su wane ne masu laifin da ke ɓuya a bayan sensa a ƙasarmu? Na farko shi ne tsagewar salansa. Ramukan hanyoyinmu da tudun rage gudu suna dukan cikin mota kullum, gasket ya saki ko manifol ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan tsagar tana gaban sensa, iskar waje na kutsawa ta nan, sensa ta ga oksijin ya yi yawa, kwamfuta ta yi ta ƙara mai a injin da ba ya buƙata. Na biyu shi ne tiyon iska da zafin rana ya busar har ya tsattsage, yana shigar da iskar da ba a auna ba. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatar iska, ta kuma lulluɓe ma'aunin iskar da ke bayanta har ya riƙa ba da lissafin ƙarya. Na huɗu famfon mai da ya gaji ko nozil da datti ya toshe. Na biyar fulogi ko kwal da ya mutu: silindar da ba ta kama wuta ba tana tura iskarta ɗanya cikin salansa, sensa kuma ta karanta hakan a matsayin ƙarancin mai.

Akwai kuma abin da muke yi da hannunmu. Al'ada ce a gareji da yawa, da zarar mota ta iso, a cire tamostat a jona fanka kai-tsaye, wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Sakamakon shi ne injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ba shi mai irin na injin da aka tayar da asuba, toka ta taru a bakin sensa. Haka nan injin da ringinsa ya ci yana shan baƙin mai, ko wanda gasket ɗin kansa ya ƙone ruwan lagireto yana shiga silinda, ko wanda aka lafta wa gam ɗin silikon da bai dace ba, duk suna kashe sensa sannu a hankali. A irin wannan hali bakanike bai yi ƙarya ba da ya ce sensar ta mutu. Abin da bai tambaya ba shi ne wa ya kashe ta, don haka sabuwar ma hanyar da ta farko ta bi za ta bi. Bakin tsohuwar sensa kansa yana ba da labari ga mai dubawa: baƙar toka alamar mai ya yi yawa, fari kamar alli kuma yana nuni ga silikon ko ruwan lagireto. Man da muke sha ma yana da nasa kason. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, balle man bumburutu da ba wanda ya san abin da aka gauraya a galan.

Sai batun kayan gyara. Motocin Toyota da yawa na wannan ƙarni, irin su Camry da Corolla, sensarsu ta gaba wani nau'i ce dabam mai auna haɗin mai da iska daki-daki, kuma harshen da take magana da kwamfuta ba irin na tsohuwar ba ne. A ido kamarsu ɗaya, zaren ɗaurinsu ɗaya, wayoyinsu huɗu-huɗu. Idan aka yanke soket aka jona wadda ba ita ba, ko aka sa ta baya a gurbin ta gaba, fitila za ta dawo ko da sensar sabuwa ce fil. Lambar da ke jikin kayan ita ce abin dubawa. Araha kuma ba ta ado: sensar da aka kwance daga tsohon injin da ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa ta riga ta ci rabin rayuwarta, in ma ba ta cinye ba.

Maganar indomi ta cancanci a tsaya a kanta. A cikin wannan matata akwai ɗan abin da ba a rasa ba na ƙarafa masu daraja uku, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke mayar da gubar hayaƙi iskar da ba ta kai ta cutarwa ba. A watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya haura dala 25,000 kowace oza, fiye da ninki goma na zinare. Wannan ya sa ake sace ta a Turai da Amurka, a nan kuma ake yi wa masu mota romon baka cewa ta toshe, ita ke hana mota ja, gara a fasa a zubar. Gaskiya ne takan toshe, amma ana iya tabbatar da hakan da gwaji, kuma ba ta toshewa haka siddan sai wani laifi na injin ya daɗe yana dafa ta. Motar da aka ƙwaƙule wa indomi za ta yi ta kawo P0420 ko da an canza mata sensa goma. Masu dabara sukan sa wani ɗan ƙarfe da ke janye bakin sensa ta baya daga hayaƙi don fitila ta yi shiru. Fitilar ta yi shiru, amma gubar tana fita, kuma 'ya'yanmu da ke tsaye a bakin titi suna jiran a tsallakar da su ne ke shaƙa.

Yaya binciken gaskiya yake? Yana farawa da rubuta lambar da bayanan da ke tare da ita kafin a goge komai. Daga nan a duba da ido da kunne: fis, wayoyi, soket, tiyo, matatar iska, a saurari hucin salansa da safe kafin ƙarfe ya buɗe da zafi. Sannan a tayar da injin a kalli abin da na'ura ke nunawa kai-tsaye. Sensa ta gaba irin ta da, idan lafiyayya ce, za a ga tana hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9 ba tsayawa. Ta baya kuwa ya kamata ta zauna kusan wuri guda. Idan ta koma tana kwaikwayon ta gaba, matatar da ke tsakaninsu ta daina aiki. Na'urar tana kuma nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan ƙa'ida. Idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari, da walakin. Idan ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da aka taka totur, a nemi inda iska ke satar shiga. Idan kuwa sai an taka yake hawa, a tuhumi famfon mai ko ma'aunin iska. Hitar sensa ana gwada ta da mita cikin minti biyu. Sai an bi waɗannan matakai ne ake da hujjar cewa sensa ce, kuma wani lokaci ita ɗin ce, domin tana tsufa kamar kowane kayan mota.

Na san za a ce da ni, a wannan marra da ake fama da abin sawa a baka, wa ke da kuɗin bin diddigin fitila? Amsata ita ce, marrar ce ma ta sa ya zama dole. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, motarka na shan lita 40 a mako a kan naira 1,000, laifin da ka ƙyale kuma ya ƙara mata kashi 15 cikin ɗari. Lita shida ke nan a mako, lita 312 a shekara, wato naira 312,000 da ka ƙona a banza. Ba a nan asarar ta tsaya ba. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, yana tsinka wanda ke cikin injin, yana kuma ƙona matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na sensa sau da yawa. Sannan fitilar guda ɗaya ce tak ga ɗaruruwan laifuffuka. Wanda ya saba ganinta a kunne, ko ya zare ƙwanta, ba zai san ranar da babban laifi ya shigo ba. Idan ma ta koma ƙyaftawa, ma'anarta silinda na fashin wuta sosai har matatar na cikin haɗari, abin da ya dace a lokacin shi ne a sassauta gudu a nemi gareji mafi kusa.

Ba zan ɗora wa kanikawa laifin duka ba. Manyan iyayen gidan da suka horar da na yanzu sun koyi sana'arsu a kan Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, motar da ba ta da kwamfuta ko sensa, kuma sun ƙware a kanta ƙwarewar da ba a musu. Motar ce ta canza, hanyar koyon ba ta canza tare da ita ba. Na'urar gwaji ta shigo gareji, amma a hannun da yawa ta zama abin karanta suna da gogewa. Mu masu mota kuma muna da namu. Mun saba biyan kuɗin kaya da kuɗin ɗauri, ba mu saba biyan kuɗin tunani ba. Bakaniken da ya shafe awa biyu yana bincike ya gano tiyon naira dubu biyu ne ya tsage, da wuya a ba shi abin kirki, sai a ce ai bai yi komai ba. Wanda ya canza sensa cikin minti goma shi ke tafiya da kuɗin aiki da ribar kaya. Muddin haka muke saka wa mutane, mu muke koya masu canje-canje maimakon bincike. Likita ana biyansa kuɗin gani kafin kuɗin magani, kuma ban ga dalilin da zai sa a hana bakanike irin wannan ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC mai kula da harkar motoci da kwalejojin fasaha suna da rawar takawa wajen yawaita horo a kan karanta waɗannan bayanai, har ya kai ga yaran gareji, da harshen da suke ji.

Kafin wannan ya samu, ga abin da ke hannun mai mota. Ka nemi a rubuta maka lambar laifin, ka adana ta. Ka tambayi bakanike gwajin da ya yi har ya gane sensa ce, mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba. Ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Kada ka yarda a taɓa tamostat ko indomi ba tare da hujja ba. Kada ka ɗauka gyara ya kammala sai mota ta yi kwanaki tana aiki, har da tafiya mai ɗan nisa, an sake jona na'ura an ga kwamfuta ta gama gwaje-gwajenta ba ta samu komai ba. Idan kuma mota za ka saya, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka duba: dole fitilar cek ta kama tare da sauran, ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, wani ya riga ka zuwa wurin, kuma akwai abin da ba ya so ka sani. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana hanya.